Tambayi Lauya: Na sayi gidan da banki ya ƙwace, ashe ruwa na cin bangon ta ciki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka yi haƙuri da tsawon saƙon nan, abin ne ya cika min ciki. Ni malamar makaranta ce, na yi ritaya bayan shekara 35 ina koyarwa, maigidana kuma ya rasu. Da giratuti ya fito sai na haɗa da ɗan abin da na samu na gado da kuɗin wani fili da na sayar a Rigachikun, na ce bari in samu inda zan ɓoye kaina da yarana mu huta da haya. Wani dillali ya kawo min labarin gida a Barnawa, ya ce banki ne ya ƙwace daga hannun wani ɗan kasuwa da ya kasa biyan bashi. Muka je muka gani a watan Fabrairu, gida tsaf, ɗaki huɗu falo biyu, ya kai shekara biyu ba kowa a ciki sai mai gadi. Na lura bangon da ke tsakanin banɗakin babban ɗaki da falo fentinsa sabo ne fil sauran kuwa sun ɗan dafe, na tambayi dillalin ya ce ai ɗan kwaskwarima aka yi saboda masu zuwa gani. Na ce famfo fa, don tankin ba ruwa ba mu samu gwadawa ba, daga baya ya turo min saƙon murya a WhatsApp yana cewa Hajiya ki kwantar da hankalinki harkar ruwa lafiya lau take an duba komai. Na biya miliyan 36, na sa hannu a takardu, muka tare bayan ƙaramar salla.

Barista ba mu yi wata biyu ba fentin nan ya fara kumbura yana ɓarewa, ƙasan bangon ya yi baƙi ga wani farin abu kamar gishiri ga wari, tayil ɗin falo in ka taka sai ka ji kamar ba komai a ƙarƙashinsa, tanki kuma in an cika da daddare kafin asuba ya yi rabi. Na kira mai gyaran famfo ya ɗan fasa wuri ɗaya, sai ga tsohon bututun ƙarfe ya ci tsatsa ya huje, kuma wallahi an naɗe wurin da roba irin ta cikin taya an shafe da sabon siminti a kai. Ya ce duk layin da ke cikin bango da ƙarƙashin daɓe sai an canza, da tayil da filasta da komai zai kai miliyan 4. Mai gadin ya faɗa min a ɓoye cewa sati biyu kafin a fara kawo masu gani an turo ma'aikata sun yi kwana uku a wannan bangon, amma bai san wanda ya turo su ba. Na je banki sun nuna min wani layi a takardar da na sa wa hannu wai na sayi gidan ne yadda yake a inda yake, ba ruwansu. Dillali ya daina ɗaga wayata. Babban ɗana ya ce mu kai shi wurin 'yan sanda a kulle shi sai ya fito da kuɗi, ƙanena kuma ya ce tsohon mai gidan za a nema. Ina da haƙƙi ko in haƙura in bar wa Allah?

Wata mai karatu, Barnawa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida ya kai haske kabarinsa, ke kuma Allah ya mayar miki da alheri. Sau biyu na karanta saƙon nan kuma gaskiya ya taɓa ni, don giratuti sau ɗaya ake miƙo wa mutum shi, shekara 35 ne na tsayuwa gaban allo aka dunƙule aka ba ki a hannu. Toh a taƙaice kina da abin kamawa, kar ki haƙura tukuna, amma bari in fara da ɓangaren da ba zai miki daɗi ba don kar in ɗora ki a keken ɓera.

Dokar cinikin gida da fili da kotunanmu ke aiki da ita, wadda asalinta daga Ingila muka gada, ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe ido. Lauyoyi na ce mata caveat emptor da Latin, mu kuma da ma muna da tamu, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya wajaba mai sayarwa ya bayyana shi ne matsalar da ta shafi mallaka, kamar a ce akwai wata jingina a kan gidan ko wani na da haƙƙi a ciki wanda ido ba zai gani ba. Amma lafiyar ginin kansa, rufi na yoyo ne, bututu ya tsufa ne, sokawe ya cika ne, in ya ja bakinsa ya yi shiru doka ba ta kama shi, ke ce ya kamata ki zo da masani ya duba. Abin ya fi tsanani in banki ne mai sayarwa domin banki bai taɓa kwana a gidan ba, bai taɓa buɗe famfon ba, shi dai kuɗinsa yake so ya fitar daga kadarar da aka jinginar masa, shi ya sa suke sa wannan layin na yadda yake a inda yake, kuma layin yana aiki a kotu. Da a ce labarinki ya tsaya a kan cewa tsohon bututu ya ci tsatsa ya fashe bayan kin tare, wallahi cewa zan yi Hajiya ki nemi mai gyara ki rungumi ƙaddara, kar ki ƙara kuɗin lauya a kan asara.

Sai dai akwai sabon siminti a kan wurin da ya huje, akwai sabon fenti a bango ɗaya tak, akwai kuma saƙon murya. Doka ta bambanta wanda ya yi shiru da wanda ya tashi ya rufe aibi don kar a gani, ko aka tambaye shi ya buɗe baki ya faɗi abin da ba haka ba. Na farkon ta ƙyale shi, na biyun kuwa yaudara ce, kuma babu layin da za a rubuta a takarda da zai wanke mutum daga yaudarar da ya yi da gangan. A 1986 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke wata shari'a, ta Gordon da kamfanin Selico, da ta yi kama da taki sosai: mata da miji suka sayi gida a wani bene, ashe katakon ciki ya ruɓe, ma'aikacin da aka kawo ya yi gyara kuma ya rufe wurin kafin a zo dubawa. Kotu ta ɗauki rufewar nan daidai da faɗin ƙarya da baki, ta ɗora wa masu sayarwa alhaki. Hukuncin Ingila na wannan zamanin ba dole ba ne a kan alƙalin Kaduna, amma ana kawo shi gabansa kuma yana saurara tunda tushen dokar ɗaya ne.

Toh kinga duk maganar ta dawo kan tambayar da mai gadi ya ce bai san amsarta ba: wa ya turo ma'aikatan nan, kuma me ya sani lokacin da ya turo su? In bankin ne, ko kamfanin dillancin gidaje da bankin ya damƙa wa gidan a rubuce, toh kin samu wanda za ki kama kuma mai abin biya ne. In kuwa dillalin ne ya yi gaban kansa don ciniki ya faɗa da wuri ya karɓi la'adarsa, sai mu koma mu tambaya shi wakilin wa ne. Kin san yadda dillanci yake a garin nan, gida ɗaya sai ki tarar mutum biyar sun jeru a kansa, wannan ya ji a bakin wancan, wancan ya ji a majalisa, na ƙarshen da ya zo wurinki wataƙila ko ƙofar bankin bai taɓa shiga ba. Doka na ɗora wa mutum alhakin ƙaryar da wakilinsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi, amma ba ta ɗora masa ta wanda ya tsinci labari a titi. Don haka ki ɗauko takardar tayin da banki ya ba ki ki duba ko sunansa ko na kamfaninsa na ciki, ki kuma tuna wa ya biya shi la'ada, in daga aljihunki ta fito toh ki shirya jin banki na cewa ai yaronki ne ba namu ba. Ko a hakan bai tsira ba, shi da kansa ana iya ƙararsa a kan abin da ya faɗa, illa dai samun hukunci a kan dillali daban, ganin miliyan 4 daga hannunsa daban.

Ki kuma san abin da za su ce don kar ya zo miki a ba-zata. Za su ce fenti kafin sayar da gida ba laifi ba ne kowa na yi, kuma gaskiya ne. Za su ce robar nan tsohon mai gidan ne ya naɗa tun shekarun baya, mai yiwuwa ma hakan ne. Za su ce danshin na damina ne tunda kin tare ana dab da faɗuwar ruwa, kuma gidaje da yawa a Kaduna bangonsu na jan ruwa daga ƙasa in damina ta yi nisa. Rahoton masani ne kaɗai zai karya waɗannan.

Shi ya sa abin da ya fi komai muhimmanci a amsar nan shi ne kar ki bari a ci gaba da fasa bangon, kar ki fara gyara yanzu. Na san zama da wari ga yara ba daɗi, amma ranar da mai gyara ya cire bututun nan ya jefa a bola ya shafe wurin, ranar shari'arki ta mutu. A rufe ruwan da ke bi ta wannan layin, in ya kama a ja bututun roba ta waje na wucin gadi zuwa banɗaki da kicin, wannan ma doka na son ki yi domin ba a yarda wanda aka cuta ya naɗe hannu ɓarna na ƙaruwa sannan ya ce a biya shi duka ba. Daga nan ki samo injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON, mai gyaran famfon da ya fasa shi ma shaida ne amma shi kaɗai ba zai isa ba, ya zo ya gwada layin da matsin ruwa, ya rubuta daga ina ruwan ke fita, tsatsar ta daɗe ko sabuwa ce, simintin da ke kan robar ya bambanta da filastar sauran bangon ko bai bambanta ba, kuma wanda ya shafa shi zai yiwu a ce bai ga ɓarnar ba. Ya sa hannu ya buga hatiminsa. Kuɗin gyara kuma a fitar da shi dalla-dalla, bututu kaza, tayil kaza, siminti buhu kaza, kuɗin aiki kaza, domin irin wannan diyyar kotu ba ta bayar da ita a dunƙule, sai an jera an tabbatar da kowanne.

Wayar da saƙon muryar ke ciki ki riƙe ta kamar ƙwai, kar ki canza ta, kar ki ba jika ya yi wasa da ita, ki duba ko an kunna abin nan da ke goge saƙonni da kansa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi hoto da bidiyo da saƙon waya amma da sharuɗɗa, har da takardar da ke bayanin na'urar da abin ya fito daga ciki, lauyanki zai shirya ta. Banki zai ce abin da ke rubuce shi ne ciniki maganar baki ba ta canza shi, kuma sashe na 128 na goyon bayansu a kan haka, sai dai shi sashen da kansa ya bar ƙofa a buɗe in maganar zamba ce. Mai gadi kuma a yi maza, irinsu yau suna nan gobe an mayar da su wani wuri ko sun tafi gida noma, a lallaɓa shi ya je ofishin rajista na babbar kotu ya yi rantsuwa a rubuce kan abin da ya gani, yaushe suka zo, su nawa, da wace mota, wa ya ce ya buɗe musu. Kar a ba shi ko sisi da sunan na goro a kan wannan, tambayar farko da lauyan banki zai masa ke nan. Akwai kuma rahoton masu kimanta kadara, wanda banki kan sa a yi kafin ya sayar da gidan jingina saboda in ya karyar da shi a wulaƙance mai bashin na iya kai shi ƙara. In rahoton ya ambaci danshi a wannan bangon shikenan ba za su ce ba su sani ba, kuma in an shiga kotu ana iya neman a tilasta musu su fito da shi.

Dalilin da ya sa nake ta nanata hujja shi ne sashe na 135 na Dokar Shaidar, wanda ya ce in ka zargi mutum da abin da ya kai laifi, ko da a shari'ar neman haƙƙi ce, sai ka tabbatar da shi yadda ake tabbatarwa a shari'ar laifi, ba wani kokwanto mai ma'ana. Zamba na cikin wannan. Lauya mai hankali ba zai rataya komai a kanta ba, zai haɗa da cewa ko da dillali bai yi niyyar ƙarya ba ai ya ce an duba komai alhali ba a duba ba, ke kuma kika dogara da maganarsa kika biya. Wannan sakacin ya fi sauƙin tabbatarwa, duk da cewa a nan ne layin nasu na yadda yake a inda yake zai fi yi musu amfani.

Abin da za ki nema hanya biyu ce, ko a warware cinikin ki mayar da gida a mayar miki da miliyan 36, ko ki riƙe gidanki a biya ki kuɗin gyara. Ta farkon tana da wuya bayan an riga an sa hannu an miƙa takardun mallaka sai in zamba ta tabbata ƙarara, kuma tana son gaggawa, in kika ga aibi kika ci gaba da zama wata da watanni ba ki ce uffan a rubuce ba za a ɗauka kin yarda. Ni a ganina ma ba ita ce maslaharki ba, yadda kayan gini ke tashi ɗin nan kuɗin da za a mayar miki bayan shekarun shari'a da wuya su sake saya miki ɗaki huɗu a Barnawa. Ki nemi kuɗin gyara, da na injiniya, da na duk kayan da ruwa ya lalata.

Fiƙihunmu na Malikiyya ma nan ya dosa. Malamai sun kasa aibin gida uku, haka yake a Tuhfa ta Ibn Asim da alƙalan kotunan shari'a ke yawan komawa gare ta: ƙaramin aibi da bai taɓa kuɗin gidan ba babu komai a kansa, matsakaici kamar tsagewar bango ba a mayar da gida amma a biya mai saye gwargwadon aibin, wanda kuwa ya cinye sulusin kuɗin ko fiye shi ake mayarwa. Sulusin miliyan 36 miliyan 12 ne, naki miliyan 4, kinga ya faɗa na tsakiya. Shari'a da banki a babbar kotun jiha za a yi ta a kan takardar da kika sa wa hannu, na kawo wannan ne saboda dillalin in musulmi ne. Kin san hadisin nan na cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi, ya tambaya mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce me ya sa ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Danshi aka ɓoye a wancan tsibin, shi aka ɓoye a bangonki. Mutumin da ya daina ɗaga waya sau da yawa yakan ɗaga in limamin masallacinsu ko babban dillalin da yake ƙarƙashinsa ne ya kira, kuma abin da nake so daga bakinsa ya fi kuɗi, ya faɗi wanda ya turo ma'aikatan.

Maganar ɗanki, na fahimci zafin da yake ji, uwarsa aka cuta. Amma ki riƙe shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha faɗa cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. In aka kulle dillali kwana biyu don a matsa masa ya fito da kuɗi, lauyansa zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi a kan 'yan sandan da ku baki ɗaya, a wayi gari ke da aka cuta ke ake cewa ki biya diyya. Cuta laifi ce a dokar laifuka ta jihar nan, in rahoton injiniya da shaidar mai gadi suka nuna da gangan aka yi lauya na iya rubuta koke a bincika, amma sai bayan hujja ta haɗu.

Tsohon mai gidan kuwa ba ki da ciniki da shi, bai sayar miki ba, bai ce miki komai ba, ƙwace gidan aka yi daga hannunsa, ƙararsa ɓata lokaci ne. Duk da haka a neme shi ɗin, don babu wanda ya san tarihin bangon nan kamarsa. Shi zai ce ga shekarar da yoyon ya fara, ga yadda bangon yake ranar da ya fita, wataƙila ma yana da tsofaffin hotunan biki ko suna da aka ɗauka a falon bangon na bayansu a dafe, kuma in ya taɓa faɗa wa jami'an banki ko masu kimantawa matsalar toh ya gama miki aiki. A je masa da mutunci, dattijo ɗaya ko biyu, a fara da jajanta masa, mutum ne da ya rasa muhallinsa kuma ganin waɗanda ke zaune a ciki ba zai zo masa da sauƙi ba.

A satin nan lauya ya rubuta wa sashen shari'a na hedikwatar bankin wasiƙa, a kai kwafi reshen Kaduna su buga hatimin karɓa a naki, a haɗa hotuna, a gayyace su su turo nasu masanin cikin kwana 14 ya duba tare da naki kafin a taɓa komai. In sun zo madalla, in sun ƙi kin fita haƙƙinsu, sai a ɗauki bidiyon fasawar daga farko har ƙarshe, a adana guntun bututun da robarsa da ɓarɓashin simintin, ki yi gyaranki ki tara rasit, ba sai an gama shari'a ba. In suka nemi sulhu ki saurara, shari'a a babbar kotu na iya cin shekaru ga ɗaukaka ƙara, banki na da lauyoyin da aikinsu ke nan ke kuwa daga fansho za ki biya naki, in aka miƙo miki kaso mai tsoka na kuɗin gyara a rubuce ni dai zan ce ki karɓa. Kar dai ki bari su riƙe ki da za mu duba za mu duba, akwai dokar wa'adi da ke rufe ƙofar ƙara in shekaru suka wuce. Sannan tunda lauya zai buɗe fayil ɗin, ya leƙa KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ya tabbatar an samu amincewar gwamna kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta gindaya, an yi rajistar takardar da sunanki. Ba ki ambaci wannan ba a saƙonki, kuma shi ya fi tsaya min a rai fiye da yoyon ruwan.

TAMBAYA

Barista barka da warhaka. Akwai gidan da kotu za ta yi gwanjonsa a Unguwar Dosa saboda bashi, ina so in taya amma an ce ba a barin mutum ya fasa komai ya duba. In na saya na tarar da matsalar ruwa zan iya mayarwa?

Wani ɗan kasuwa, Kasuwar Barci

AMSA

Alhaji barka kadai. Gwanjon kotu ya fi na banki tsauri, don ma'aikacin kotun da zai sallama maka ba ya yi maka alkawarin komai game da lafiyar gini, haƙƙin da mai bashin ke da shi a gidan kawai ake sayar maka. Dokar zartar da hukunci ta ba da kwana 21 daga ranar gwanjo a nemi kotu ta soke cinikin, amma a kan babban kuskure a yadda aka gudanar da gwanjon ne, yoyon bututu ba ya ciki. Ba a cinikin biri a sama, kuma ba sai ka fasa bango ba: ka nemi izini a rubuce, ka sayi ruwa a cika tankin sama a buɗe shi ya shiga layi, a rufe duk famfuna har da na masai, ka sa alama inda ruwan ya tsaya ka dawo washegari. Gidan da ya daɗe a rufe bututunsa a bushe suke, musamman da rani, ba abin da za su nuna maka sai ruwa ya kwana a cikinsu. Ka ƙwanƙwasa tayil, ka shafa ƙasan bangon da ke bayan banɗaki, ka ɗaga murfin sokawe, ka tambayi maƙwabta. In ko wannan aka hana ka toh ka ɗauka duk bututun gidan sai an canza, ka sa mai gyara ya yi maka lissafi daga tanki har masai, ka cire kuɗin daga iyakar abin da ka yi niyyar tayawa, in gwanjo ya wuce nan ka sauke hannunka.